Magani ko horo: da wanne za a fara idan saurin fushi ne ya fi damun mai ADHD?

Tambayi iyayen yaro mai larurar ADHD, wato larurar ƙwaƙwalwa mai kawo rashin natsuwa da yawan motsi da gaggawa, ko matar da ke zaune da miji mai ita, abin da ya fi gajiyar da su. Da wuya su fara da mantuwa ko yawan ɓatar da makulli. Abin da za ka ji shi ne: "Zuciyarsa a kusa take. Abu kaɗan ya tunzura, ya yi ta ihu, ya buga ƙofa, an jima kuma ya dawo yana fara'a kamar ba shi ba, mu kuwa ya bar mu da ɓacin rai har dare." Shi kansa mai larurar, in ya manyanta, cewa yake: "Kafin in ankara na riga na faɗa." Kuma abin bai tsaya kan fushi ba. Akwai kuka kan abin da bai kai ya kawo ba, akwai zumuɗin da ke sa mutum ya ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa ba, akwai jin zafin suka har mutum ya ajiye aiki ko ya yanke abota saboda kalma ɗaya.

A 2014 likita mai bincike Philip Shaw da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi kan wannan, suka ƙiyasta cewa kashi 25 zuwa 45 cikin ɗari na yara masu ADHD, da kashi 30 zuwa 70 na manya, suna fama da wahalar sarrafa motsin rai. Duk da haka, littafin tantance larurorin ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, DSM-5 na 2013, bai saka shi cikin ginshiƙan alamomin larurar ba. Ginshiƙan su ne rashin natsuwa, da yawan motsi, da aikata abu kafin tunani. Saurin fushi da ƙarancin jure takaici an ambace su ne a matsayin abubuwan da kan biyo baya. Tun 1902 likitan yara George Still ya yi maganar zafin zuciyar irin waɗannan yara a laccocinsa na Landan. Likita Paul Wender ya saka shi cikin ma'aunin da ya tsara don manya a Jami'ar Utah, masanin ADHD Russell Barkley kuma ya daɗe yana jayayya cewa jigo ne na larurar. Wannan saɓani yana shafar mai neman magani kai tsaye: likita na iya cika takardar tambayoyinsa kaf bai tambayi fushi ba, kuma yawancin gwaje-gwajen magani sun auna natsuwa ne da farko, motsin rai ya zo a gefe. Don haka in shi ne damuwarka, kai za ka ɗago maganar.

Matsalar tana da gaɓa biyu, kuma zaɓin duka ya rataya a kansu. Ta farko ita ce sauri. Tsakanin jin haushi da buɗe baki akwai ɗan tsaiko da yawancin mutane ke da shi, aikin sashen gaba na ƙwaƙwalwa ne, wanda ke dogara sosai da sinadaran dofamin da noradirenalin, masu isar da saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ga mai ADHD wannan tsaiko gajere ne ƙwarai. Ta biyu ita ce abin da mutum zai yi da tsaikon in ya same shi: ya gane cewa ransa ya fara ɓaci, ya fice daga ɗakin, ya sake duba ma'anar abin da aka faɗa masa, ya dawo ya yi magana. Wanda ya shekara 20 yana hawa dokin zuciya ba linzami, ko an sa wa dokin linzami yau, sai ya koyi riƙe shi. Magani yana aiki ne galibi a gaɓar farko, horo a ta biyu.

Kafin a kai ga zaɓi, dole a tabbatar daga ADHD fushin yake. Nata fushin yana da kama: wani abu ne ke tayar da shi, yana tashi nan take, yana sauka cikin mintoci ko 'yan sa'o'i, kuma haka mutumin yake tun yana ƙarami. In yanayin rai yana ɗagawa ya zauna kwanaki, mutum ya daina jin buƙatar barci, ya riƙa jin kansa ya fi kowa, sannan ya faɗa baƙin ciki na makonni, wannan ya fi kama da larurar baifola, kuma ba wa irin wannan mutum maganin ADHD mai zaburar da ƙwaƙwalwa ba tare da maganin daidaita yanayi ba na iya ingiza shi cikin tashin larurar. Ciwon damuwa, fargaba, tsohon tabon cin zarafi, larurar otizim (galahanga) da rashin isasshen barci duk suna kawo saurin fushi, kuma sau da yawa suna zaune tare da ADHD a jiki ɗaya. Wannan tantancewa aikin likita ne.

Abin da magani ke yi, da inda yake tsayawa

Magungunan sahun farko su ne masu zaburarwa, gida biyu: metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin ko Concerta, da dangin amfetamin, irin su lisdeksamfetamin da ake sayarwa da sunan Vyvanse ko Elvanse. Ba sabon abu ba ne. A 1937 likita Charles Bradley ya lura cewa Benzedrine, wani nau'in amfetamin, na kwantar da yaran da yake kula da su a jihar Rhode Island ta Amurka, metilfenidet kuma an haɗa shi a 1944. Suna ƙara yawan dofamin da noradirenalin a mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Suna fara aiki cikin minti 30 zuwa 60. Mai gajeren zango yana ɗaukar sa'a 3 zuwa 4, mai dogon zango 8 zuwa 12.

Wannan sauri shi ne babbar fa'idarsu wajen zaɓi. Cikin 'yan makonni na daidaita adadi za ka san ko ya karɓe ka. Kan natsuwa da gaggawa babu wani horo da ya kai su ƙarfi. Babban nazarin da Samuele Cortese ya jagoranta a 2018, wanda ya haɗa gwaji 133, ya nuna metilfenidet ne ya fi dacewa a fara da shi ga yara, amfetamin ga manya. Kan motsin rai kuwa, nazarin da aka yi na gwaje-gwajen manya ya nuna suna taimakawa, sai dai taimakon bai kai wanda suke yi wa natsuwa ba. Mutum zai ga fashewar ta ragu, ta kuma gajarta, amma da wuya ta ɓace gaba ɗaya. Ya kamata a faɗa wa mutane haka tun farko, don kada su yanke ƙauna ranar da suka sake yin ihu alhali suna kan magani.

Akwai bambanci tsakanin gidajen biyu da ya dace iyaye su sani. Wani nazari na 2017 da ya tattara gwaje-gwajen yara ya gano cewa metilfenidet na rage yiwuwar ƙuncin rai da saurin hasala, dangin amfetamin kuwa suna ƙara ta. Wannan matsakaici ne, akwai yaran da amfetamin ya fi yi musu daɗi, amma in fushi ne babban abin da ya kai ku asibiti, dalili ne mai kyau na farawa da metilfenidet.

Babban rauninsu, a ganina, agogo ne. Maganin da aka sha da safe yana rufe lokacin makaranta ko ofis, ya ƙare daidai lokacin da aka dawo gida, inda mutanen da aka fi ƙauna suke, inda kuma rigima ta fi tashi. Malami zai ce yaro ya gyaru, uwa ta ce ita ba ta ga komai ba, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Wasu ma suna samun sa'a ɗaya ko biyu na ƙarin zafin rai yayin da maganin ke barin jiki. Ana iya gyara wannan ta sauya nau'in, ko lokacin sha, ko ƙara ɗan ƙaramin adadi da rana, amma sai an gaya wa likita takamaiman lokacin da abin ke faruwa. Ƙari kan haka maganin na rage sha'awar cin abinci, ga shi yunwa da gajiya su kansu suna tayar da fushi. Yana iya hana barci da wuri, ya ɗan ɗaga bugun zuciya da hawan jini, ya ɗan rage saurin girman yaro, shi ya sa ake auna tsawo da nauyi da hawan jini lokaci zuwa lokaci. In yaro ya koma shiru, ba fara'a, ba wasa, kada a ɗauka an yi nasara. Yawanci alama ce adadin ya yi yawa. Kuma magunguna ne da doka ta tsaurara a kansu, suna cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971, don ana iya karkatar da su. Sai da takardar likita, sai da adana su inda hannu ba zai kai ba.

Marasa zaburarwa suna cike wannan giɓi na agogo. Atomoksetin, wato Strattera, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2002, yana aiki dare da rana, ba ya da haɗarin jaraba, kuma yakan dace da wanda fargaba ta haɗe masa da ADHD. Sai dai sai an yi makonni 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, kafin a ga aikinsa, ƙarfinsa bai kai na masu zaburarwa ba, kuma yana ɗauke da gargaɗi kan tunanin kashe kai ga yara da matasa, wanda ke buƙatar sa ido a watannin farko. Gwanfasin da klonidin asalinsu magungunan hawan jini ne. Suna kwantar da jiki, ana amfani da su ga yara masu gaggawa da tsaurin kai ko wahalar barci, su kaɗai ko tare da mai zaburarwa. Suna kawo kasala da saukar jini, kuma ba a daina su farat ɗaya.

Horo: wa ake horarwa, kuma me ake samu

Ga ƙaramin yaro, iyaye ake horarwa. Mutane da yawa suna jin haushin wannan, suna ganin kamar an ɗora musu laifi. Ba iyaye ne suka jawo ADHD ba. Gado ne ke da kaso mafi girma a cikinta, kusan kashi 74 cikin ɗari bisa binciken tagwaye. Amma fashewar fushi abu ne da ke faruwa tsakanin mutum biyu, kuma yaro ɗan shekara 5 ba zai iya sauya nasa ɓangaren ba sai babba ya sauya nasa. Tsare-tsare irin su Triple P na Matthew Sanders a Ostireliya, da Incredible Years na Carolyn Webster-Stratton, da PCIT na Sheila Eyberg, suna koyar da abubuwa masu kama da juna: a ba da umarni ɗaya gajere ido cikin ido, a sanar da yaro tun kafin a raba shi da abin da yake yi, a yaba masa nan take in ya yi daidai, hukunci ya zama ƙarami kuma tabbatacce, kada a yi muhawara da shi yana tsakiyar ihu. Hujja mafi ƙarfi da ke bayansu ita ce suna rage taurin kai da rigima, suna gyara mu'amalar gida. Rashin natsuwa kansa ba sa taɓa shi sosai. Tun da larurar gado ce, sau da yawa uba ko uwa na da ita ba a gano ba, kuma tsarin da ke neman dagewa kullum yana wahalar da irin wannan mahaifi. Wani lokaci duba lafiyar babban shi ne taimako mafi girma ga yaron.

Gwajin da ya fi haska kwatancen nan shi ne MTA na Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1999: yara 579 'yan shekara 7 zuwa 9, wata 14, rukuni 4. Wasu magani da kulawa ta kusa, wasu horon ɗabi'a mai zurfi har da sansanin hutu na mako 8 da mataimaki a aji, wasu duka biyun, wasu kuma kulawar da aka saba samu a gari. Kan ainihin alamomin ADHD, magani da haɗin biyun sun fi horo shi kaɗai. Kan taurin kai, fargaba, mu'amala da sauran yara da dangantaka da iyaye, haɗin biyun ne ya fi fitowa fili, kuma yaran da ke cikinsa sun ƙare da adadin magani ƙasa da na masu magani zalla. Bayan shekara 3, lokacin da kowa ya koma yin abin da ya ga dama, bambancin rukunonin ya shafe. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, kulawa ta kusa ce ta kawo nasarar, kuma da ta tsaya nasarar ta fara zagwanyewa, ko ta wace hanya aka bi.

Ga babba, hanyoyi biyu aka fi sani. CBT, wato horon gyara tunani da ɗabi'a ta hanyar zama da ƙwararre, tana koyar da tsara lokaci da aiki, da kama tunanin da ke rura wutar fushi, irin su "raina ni yake yi" ko "na sake ɓata komai". A 2010 Steven Safren ya gwada ta kan manya 86 da ke shan magani amma alamomi ba su gama barinsu ba, zama 12, kuma ta fi horon sassauta jiki amfani. A lura: dukansu suna kan magani. DBT kuwa, wani reshen CBT mai koyar da sarrafa motsin rai, Marsha Linehan ce ta tsara ta don masu wata larurar daban mai tsananin hawa da saukar rai, kuma darussanta sun yi daidai da abin da muke magana: lura da abin da ke faruwa a rai, jure ƙunci ba tare da an yi ɓarna ba, daidaita motsin rai, da iya magana da mutane. A Jamus an gyara ta don masu ADHD, aka gwada a babban gwajin COMPAS na 2015 kan manya sama da 400. Zaman rukunin bai fi ganawar ba da shawara da likita ba a babban ma'aunin gwajin, metilfenidet kuwa ya fi maganin bogi, wato ƙwayar da ba magani a cikinta da ake ba wasu don kwatance, a fili. Wannan sakamako ya sa ba zan shawarci babba ya ɗauki DBT a madadin magani ba, duk da cewa dabarunta na da amfani ga wanda fushi ke rusa masa aure ko aiki.

Horo ba ya hana barci, ba ya taɓa bugun zuciya, yana aiki da yamma da ranar hutu, kuma abin da aka koya ba ya fita jiki bayan sa'a 12. Amma yana neman abin da larurar ta fi ragewa: zuwa kan lokaci mako bayan mako, tuna aikin gida, da tuna dabarar a daidai daƙiƙar da zuciya ta ɗebi mutum. Da yawa sun san abin da ya kamata su yi sarai, sai bayan sun huce yake faɗo musu. Sannan samun ƙwararren da ya san ADHD ya fi samun takardar magani wuya.

To, wa zai fara da wanne?

Yaron da bai kai shekarun makaranta ba, horon iyaye. Hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila, a 2018 ta ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara 5 magani sai da ra'ayin ƙwararre na biyu, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a 2019 ta sa horon iyaye gaba ga 'yan shekara 4 da 5. A wannan shekaru illolin magani sun fi yawa, ciki har da kuka da ƙuncin rai.

Yaro ɗan makaranta wanda fushinsa ya fara raba shi da abokai ko ya sa ana kiran iyayensa kullum, ni ina ganin kada a ɓata watanni ana jiran horo shi kaɗai ya yi aiki. A gyara abin da za a iya gyarawa a gida da aji, a fara metilfenidet, a shiga horon iyaye tare. In larurar ba ta yi tsanani ba kuma rigimar a gida kawai take, farawa da horo na wata 2 ko 3 hanya ce mai ma'ana. Inda abin ya kai ga duka da fasa kaya, akwai saurin da ake yi zuwa magunguna masu nauyi irin su risferidon, mai sa ƙiba da rikita sinadaran jiki. Binciken Joseph Blader a Amurka ya nuna cewa in aka zauna aka daidaita adadin mai zaburarwa mako-mako, aka haɗa da horon iyali, kusan rabin irin waɗannan yara ko fiye suna daina kai hari ba tare da ƙarin magani ba. Ya kamata a ƙure wannan mataki kafin a wuce gaba.

Matashi, sai da yardarsa. Wanda aka tilasta wa magani zai ɓoye shi, wanda aka tilasta wa zama da mai ba da shawara zai yi gum.

Babba da aka tabbatar yana da ADHD, magani ya fi saurin ba shi amsa, kuma shi ke sa horon ya zauna. NICE ta sa lisdeksamfetamin ko metilfenidet a sahun farko. In bayan an daidaita shi natsuwa ta samu amma har yanzu ana rigima, lokacin CBT ko darussan DBT ya yi, kuma in da aure, shigar da abokin zama cikin wasu zaman na da amfani, don shi ma ya tara nasa ciwon. Wanda ke da ciwon zuciya, ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ko tarihin shaye-shaye, ko mace mai ciki ko mai shayarwa, lissafinsu daban ne: a nan marasa zaburarwa ko horo na iya zuwa gaba, bisa shawarar likita. Wanda kuma ya ce shi ba ya son magani, haƙƙinsa ne, CBT hanya ce ta gaske. Ya dai san cewa ci gaban zai zo a hankali.

Ko wacce hanya aka zaɓa, a yi mako 2 ana rubuta kowace fashewa kafin a fara: ƙarfe nawa, me ya tayar da ita, minti nawa ta ɗauka, an yi barci sosai daren jiya ko a'a. In yawancinsu suna zuwa ne da yamma ga wanda ke shan magani da safe, matsalar lokacin sha ce. In kullum da mutum ɗaya ne kuma kan abu ɗaya, horo zai fi taɓa ta. In suna warwatse ko'ina, gida da makaranta da hanya, wannan saurin ne kansa, kuma magani ya fi kusa da shi. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, a ci gaba da rubutun, a kai wa likita takardar bayan mako 6. Idan kuwa bayan fara magani aka ga mutum ya kwana biyu ba barci kuma ba gajiya, ko yana jin muryoyi, ko ciwon ƙirji da suma, ko ya fara maganar kashe kansa, kada a jira ranar komawa asibiti, a nemi likita a ranar.